Mudu Biyu na Wanda Allah Zai Kawo

A da, a unguwarmu ta Hausare a Garwa, in baƙo ya sauka tasha da dare bai san kowa ba, 'yan kamasho ba sa dogon tunani. Sai su haɗa shi da yaro su ce a kai shi gidan Hajiya. Hajiyar nan kakata ce, wadda ta haifi babanmu, kuma a ɗakinta na tashi tun daga yaye har ranar da aka kai ni ɗakin miji. "Kishiyata" take ce mini, yadda kakanni ke tsokanar jikoki mata. Sunan babanmu kuwa ban taɓa ji a bakinta ba, don ɗan fari ne.

Ba mai kuɗi ba ce. Goro take sarowa, da atamfa daga Yola, ranar Lahadi kuma ta tafi kasuwar Pitowa da ɗan abin da ta samu. Amma ba a taɓa auna dawar tuwo daidai bakin mutanen gida ba. Kullum sai an ƙara mudu biyu, "na wanda Allah zai kawo".

Mutane sukan ce halin haihuwa ne. Ni kuwa ina ganin hanyar Makka ce ta mayar da ita haka. Tun kafin Kamaru ta sami 'yancin kai a 1960, ta bar ɗanta a hannun dangi ta bi mijinta cikin ayarin maniyyata. Suka bi ta Marwa da Kuseri, suka haye kogi zuwa Fallomi, garin da aka sauya wa suna zuwa Injamena a 1973, suka miƙi gabas, wani wuri a bayan babbar mota, wani wuri a ƙasa. A Abeshe zazzaɓi ya kwantar da kakanmu, bai tashi ba. Ayari ya wuce ya bar ta, yarinya ɗanya, ba dangin iya ba na baba, ga takaba a kanta.

Wata tsohuwa Bawadaya mai sayar da itace ce ta ja hannunta zuwa bukkarta. Ba sa jin harshen juna. Wata huɗu da kwana goma tsohuwar nan tana raba kunun da bai ishe ta ba gida biyu, tana kwana bakin ƙofa don kada wani ya shigo wa baƙuwarta. Duk sanda Hajiya ta kawo nan a labarin sai muryarta ta sauya. Har ta bar duniya ba ta sallame salla ba tare da ta yi wa matar nan addu'a ba.

Da ta fita takaba, Hausawan Abeshe suka ba ta shawara ta koma gida. Ta ƙi. Ta ce niyyar mutum biyu ce a wuyanta yanzu. Ta bi wani ayari ta Adare da Janaina har cikin Sudan, tana soya ƙosai a duk zangon da guzuri ya ƙare. Ta tsinci auduga a gonakin Jazira, ta zauna a Mai Wurno, garin da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda mutanen da suka bi hijirar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. A can ta tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Sanda ta dawo Garwa, ɗan da ta bari yana tatata ya isa aike, kuma ta dawo da Larabci a baki ƙari kan Hausa da Fillanci.

Larabcin nan ya yi rana. A 1980, da yaƙi ya rincaɓe a Injamena, dubban mutane suka tsallako Kuseri, wasu suka gangaro har Garwa. Ina tuna wata mata mai tsohon ciki da aka kawo mana, ƙafafunta sun kumbura, ba mai gane abin da take faɗi sai Hajiya. A ɗakinmu ta haihu. Hajiya ce ta yanke cibiya, ta yi mata wankan jego da ganyen dalbejiya har arba'in, ta sayi ɗan akuyan suna da ribar goronta. Ni aka tayar daga gadona na koma tabarma, kuma a lokacin na ji haushi ƙwarai. Da ta lura sai ta ce, "Kishiyata, ni ma an taɓa tashi a ba ni wuri."

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne na 1984. Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ya sauka daga mulki a Nuwamban 1982, Paul Biya ya hau. Ranar 6 ga Afrilun 1984 wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki a Yawunde, bai yi nasara ba, kuma yawancin waɗanda aka kama 'yan arewa ne, aka kashe wasu daga cikinsu. Garwa ta yi tsit. Akwai gidan da ke bayan namu wanda ɗansu soja bai dawo ba, ba gawa ba labari, matarsa da 'ya'ya aka turo su gida. Maƙwabta suka ɗauke ƙafa, kowa na tsoron a ga ya shiga. Ban ga laifinsu ba, tsoron na gaske ne. Hajiya kuwa ta ɗora mini akushin tuwo da miyar yakuwa a ka, ta yafa mayafinta, muka bi ta tsakiyar titi da rana tsaka. Babanmu ya tare ta a zaure yana roƙo: "Hajiya, don Allah ki bari ƙura ta lafa." Ta ce yaran da ke can ba su san ƙura ba, yunwa suka sani. Haka muka riƙa kai tuwon nan kullum har sauran mata suka fara biyo sawu.

Ba zan ce halin nan bai ci mu ba. Ya ci. Innarmu ce ke daka da tuƙi, ita ke tsayawa gaban murhu cikin zafin Garwa na watan Afrilu, kuma sau da yawa sunan Hajiya ake ambata a godiya. A farin 1984 zuwa 1985, da mutanen ƙauye suka cika gari, sai da aka sayar da rabin kwanukan jeren da aka tara mini. Akwai kuma baƙon da ya kwana ya tafi da rediyon babanmu. Hajiya ta yi shiru na yini guda, washegari aka ƙara mudu biyu kamar kullum.

Tsufa bai zaunar da ita ba. Da 'yan Sin suka gama madatsar Lagdo a kan Binuwai a 1982, masunta suka taru a tafkin daga Najeriya da Cadi da Mali, sai ta koma sarin bandar kifi. Tana shiga kwalekwale da kanta zuwa zangon masunta, da maganin zazzaɓi da tsofaffin tufafi a ƙullinta, jandarmomin hanya na gaishe ta da "Dada". Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ce ta cinye jarinta, ciwon ƙafa kuma ya ƙarasa tsayar da ita.

Da ta rasu, bayan sadakar bakwai ɗinta, uwar adashin unguwa ta zo ta durƙusa gaban babanmu tana jin nauyin magana. Ashe Hajiya ta roƙi a ba ta ɗauka tun kafin layinta ya zo, ta biya kuɗin aikin asibiti na wani almajiri da mota ta buge, ga zubi bakwai ya rage a kanta. Babanmu ya sayar da kekensa ya biya. Innarmu ta ce ba shi kaɗai zai kwashe ladan ba, ta kwance bakin zanenta ta zuba na ƙarshen.