Abin da Juma'a da Asabar Suka Koya Mini a Masar

Bahaushen da karatu ko aiki ya kai Alƙahira, sau da yawa rayuwarsa takan tsaya a wuri uku: ɗakinsa, ajinsa, sai gidan 'yan'uwa a Hayyul Ashir inda ake tuƙa tuwo ranar hutu. Hutun ƙarshen mako a can Juma'a ne da Asabar, kuma yawancinmu barci da wanki da hirar gida ke cinye su. Da na fara ware wasu daga cikinsu don leƙa garuruwan da ke kusa, sai na ga wata Masar ɗin dabam.

1. Abin da ke kusa shi ake bar wa gobe. Daga tashar Ramsis zuwa Iskandariyya tafiyar awa biyu da rabi ce zuwa uku a jirgin ƙasa, a kan layin da aka kammala tun 1856. Duk da haka na san waɗanda suka yi digiri a Azhar suka koma gida ba su taɓa ganin Bahar Rum ba. Ba rowa ba ce, ba kuma ƙin so ba ne. Kullum ana cewa sai an gama jarrabawa, sai bayan azumi, sai sanyi ya wuce, har ranar ɗaure kaya ta zo. Abin da ya fi taɓa ni a Iskandariyya shi ne masallacin Imam Busiri, inda kabarinsa yake, dab da masallacin shehinsa Abul Abbas al-Mursi. Tun muna yara muke jin Burda da Hamziyya a bakin malamanmu a watan Maulidi, sunan mai su kuwa ya zame mana kamar na wani kaka a gidanmu. Na tsaya a wurin ina tunanin dattawan unguwarmu da suka haddace baitocinsa kaf, suka rasu ba su san kalar ƙofar masallacin ba, alhali mu da Allah ya kawo kusa muna ta jan ƙafa.

2. Babban birni ba shi ne ƙasar ba. Alƙahira gari ne mai hanzari da hayaniya, kuma baƙar fata yakan ji maganar da ba ta da daɗi a titi. Wannan gaskiya ce, ba sai an ɓoye ba. Amma wanda ya yanke wa Misrawa duka hukunci da abin da ya gani a cunkoson motoci bai yi musu adalci ba. Da jirgi ya bar gari ya kutsa yankin Delta, sai gonaki kore shar, da bauna a bakin magudanan ruwa, da manoma sanye da jallabiya. A Tanta, garin Sayyid Ahmad Badawi, wani tsoho mai sayar da alewa ya tambaye ni daga ina nake. Da na faɗa masa, sai ya ce, "Ɗana, baƙon malami ba ya sayen ɗanɗano," ya ƙara mini a kan abin da na biya. A Fayyum kuma, kimanin kilomita 100 kudu maso yammacin Alƙahira, na ga manyan ƙafafun katako da ruwa ke juyawa da kansa suna ɗaga shi zuwa gona. Ruwan yana zuwa ne daga Nilu ta mashigin da suke kira Bahar Yusuf. Duk wanda ya taso inda ake noman rani da jigo zai daɗe a tsaye yana kallo.

3. Takardarka ita ce ƙafarka. Akwai shingayen bincike a hanyoyin da ke tsakanin garuruwa, kuma otal ba ya ba baƙo ɗaki sai ya ga fasfo. Idan iƙamarka, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, fara sabunta ta kafin ka sayi tikiti. Katin ɗalibi ma kada a bar shi a gida, domin yana rage kuɗin shiga wuraren tarihi sosai.

4. Gari ɗaya ya ishi kwana biyu. Ɗan Adam da kwaɗayi, idan ya samu hutu sai ya so ya haɗa Iskandariyya da Rashid da Tanta a tafiya guda, ya cika waya da hotunan da zai tura gida. Irin wannan tafiyar gajiya kawai take bari. Ganuwar Ƙaitbay da ke Iskandariyya, wadda aka fara ginawa a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, tana buƙatar yini guda ita da unguwar masunta da ke kewaye da ita. Babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002 shi ma ba wurin leƙawa a wuce ba ne. Abin da ya zauna mini a rai daga garin bai wuce sallar Juma'a cikin mutanen da ban sani ba, da kifin da na zaɓa da hannuna aka gasa mini, da doguwar hira da wani mai gyaran koma.

5. Kuɗin hanya ba almubazzaranci ba ne. Wannan shi ya fi damun ɗalibai, kuma na fahimce su. Kuɗin da iyaye suka turo da gumi suka samo shi, mutum yana jin nauyin a ce ya kashe shi a yawo. Amma ƙaramar motar haya da ke tashi idan ta cika ba ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba, wake da burodi kuma ko'ina akwai su da araha. Larabcin kasuwa da na tasha, wanda littafi ba ya koyarwa, a waɗannan hanyoyin ake samunsa, kuma shi ne zai fitar da kai ranar da ka shiga asibiti ko ofishin gwamnati.

Kai da ka sauka Alƙahira bana, ka zaɓi Juma'a guda a cikin wannan watan, ka nemi aboki ɗaya, ku kama jirgin safe zuwa Iskandariyya.