Ranar Da Uwargida Ta Daina Amsa Sallama

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma labarin da zan ba ku na wata Litinin ce da na kusa rasa aikina saboda ƙofar da ni da kaina na kulle ban sani ba.

A ƙarshen shekarar 2004, bayan ƙaramar sallah, ina aiki a ofishin wani Alhaji a Kano mai shigo da kayan gyaran babur daga ƙasar Sin. Ni ne yaron kwamfuta. Ilimina bai wuce kwas na wata shida da karambani ba, amma Alhaji “Injiniya” yake kirana, ni kuma ban taɓa musa masa ba.

A lokacin faks shi ne ƙashin bayan harkar. Wayar salula ta shigo tun 2001, amma takarda ba ta bi ta cikinta. Tsohuwar na'urar faks ɗinmu irin mai naɗaɗɗiyar takardar nan ce da rubutunta ke dusashewa bayan 'yan watanni. Ni na zuga Alhaji aka ajiye ta, na haɗa wani tsari da nake taƙama da shi. Kwamfuta huɗu ce a ofishin. Ta kusurwa ita ke da modem, ita aka jona wa layin waya. Sauran ukun suna miƙa mata takarda ta wayar da ta haɗa su, ita kuma ta buga lambar ta aika. Akawunmu ya raɗa mata suna Uwargida, sauran kuma amare.

Abin da ya sa na taɓa tsarin da ke aiki lafiya shi ne tsoro. A watan Agusta na 2003 wata cutar kwamfuta mai suna Blaster ta zagaye duniya. Wanda ya yi aiki a lokacin zai tuna: kana cikin rubutu sai akwati ya fito a allo yana ƙirga daƙiƙa 60, sannan kwamfuta ta kashe kanta. A 2004 wata mai suna Sasser, wadda wani matashi ɗan Jamus ya rubuta, ta biyo sahu. Ba sai ka buɗe wani saƙo ba, hawa intanet kawai ya isa. Don haka kamfanin Microsoft ya fitar da babban gyara ga Windows XP a watan Agusta na 2004, mai suna Service Pack 2. Girmansa ya haura megabait 250, abin da layin wayarmu ba zai iya saukewa ba. Wani abokina mai shagon intanet ya kwafa mini a faifan CD. Ranar Asabar na loda wa duka huɗun, na ga kowacce ta tashi lafiya, na rufe ofis na tafi. Ban gwada aika ko shafi ɗaya ba.

Litinin da safe wakilinmu na Legas ya bugo waya. Kwantena tana tashar Apapa, an sami kuskure a jerin kayan, yana son gyararren jerin kafin azahar, in ba haka ba kuɗin zaman kaya a tasha zai ci gaba da hawa. Anti mai buga takardu ta gyara, ta danna aikawa. Amarya ta ce ba ta ga Uwargida ba.

Na ɗaga kan tarho, layi na nan da ƙararsa. Na duba wayoyi, fitilu na ƙiftawa. Na kashe na kunna. Na goge manhajar faks na sake lodawa. Awa biyu ina zufa cikin sanyin hunturu. Sai ga Alhaji.

“Injiniya, takarda ta tafi?”

“Ranka ya daɗe, saura kaɗan.”

“Ranar Juma'a lafiya lau muka bar ta. Wa ya taɓa?”

Na sunkuyar da kai. Ya ce, “Ka san nawa ake caza ta kowace rana? Ni dai na'urata ta da ba ta taɓa yi mini haka ba.” Ya shige ofishinsa. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Anti, wadda ta fara aiki tun zamanin tafireta, ta sauke gilashinta ta ce, “Ɗana, ita Uwargidar, in an zauna a gabanta, tana aikawa?”

Wallahi ban gwada ba. Na ce, “Anti, matsalar a haɗin take.”

Ta ce, “Ban tambaye ka haɗi ba. Ɗauki fulofi ka kai mata takardar da ƙafarka.”

Taku biyar ne tsakanin teburan. Na kwafa, na kai, na danna. Modem ya yi kukan nan nasa kamar ana jan kwano a kan siminti, shafi uku suka tafi. Minti goma wakili ya bugo ya ce ya karɓa. Ni da ake kira Injiniya na ɓata awa biyu ina neman gyara tsari, ita kuwa ta tuna cewa abin da Alhaji ke buƙata takarda ce ta isa Legas. Tambayarta ta kuma raba mini matsalar gida biyu: layi lafiya, modem lafiya, manhaja lafiya. Abin da ya lalace yana tsakanin amare da Uwargida ne kawai.

Da yamma na sayi awa biyu a shagon abokina na zauna karatu. Ashe gyaran ya zo da katangar tsaro a kunne, wadda a da sai mutum ya kunna da kansa. Aikinta kamar na mai gadi ne a zaure: ɗan gida ya fita ya dawo da amsa, ba matsala, amma wanda ya zo daga waje ba a kira shi ba, ba ya shiga. Shi ya sa Uwargida ke iya aikawa, amare kuwa suka zama baƙi. Kowace hidima a kwamfuta tana da ƙofa mai lamba. Raba fayil da firinta na bi ta 139 da 445. Tsarin da ake kira DCOM, wanda manhaja ke kiran 'yar uwarta da shi a wata kwamfutar, yana fara sallama a ƙofa ta 135. Da na ga lambobin jikina ya yi sanyi, domin ta 135 Blaster ta shigo, Sasser kuma ta 445. Ƙofar da faks ɗina ke bi ita ce ɓarawo ya bi.

Talata na kunna rajistar katangar, wani fayil mai suna pfirewall.log, na sa Anti ta danna aikawa. Ga shi ƙarara: adireshin kwamfutarta, ƙofa ta 135, an mayar da ita. Na kashe katangar gaba ɗaya don gwaji. Saƙon ya canja daga “ba a same ta ba” zuwa “ba ka da izini”. Ashe makulli biyu ne. Gyaran ya kuma ƙara wa DCOM iyaka, ya hana wanda ba a san sunansa ba kira daga nesa.

Akawu ya leƙo ya ce, “Malam, ka kashe duka mu huta mana. Wa zai sani?”

Gaskiya ne, babu wanda zai sani. Minti biyar zan bar komai a buɗe, Alhaji ya dawo da kirana Injiniya da fara'a. Amma Uwargidar nan ita muke hawa intanet da ita da yamma, kuma duk lissafin kasuwancin a cikinta yake. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuma ana so in tsaga shi da hannuna.

Na mayar da katangar. A jerin waɗanda aka yarje wa shiga na sa manhajar faks da ƙofa ta 135, na taƙaita su ga kwamfutocin cikin ofis kaɗai. Na buɗe saitin DCOM da umarnin dcomcnfg, na ba asusun ma'aikata uku izini da sunansu, maimakon in ce kowa. Sai bayan magariba na gama. Daga kowace amarya na aika shafin gwaji zuwa faks ɗin wani shago da ke maƙwabtaka da mu, na je da ƙafata na karɓo uku.

Laraba na shiga wurin Alhaji na faɗa masa gaskiya: ni na taɓa, dalilina mai kyau ne, amma ban gwada ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Ba a fafe gora ranar tafiya. Gobe in za ka taɓa, ka fara da ɗaya.” Tun daga ranar, duk gyaran da ya zo kwamfuta ɗaya nake fara yi wa, in gwada duk abin da take yi, in rubuta abin da na canja a wani littafi mai baƙin bango.

Yau faks ya zama tarihi a wurinmu, WhatsApp ke kai takarda Legas, Windows XP ma an daina kula da ita tun Afrilun 2014. Amma har yanzu in abu ya tsaya mini, ko na'ura ko labarin da na kasa ƙarasawa, na kan ji muryar Anti tana tambaya a ina daidai abin ya tsaya, kuma me ake buƙata ya isa kafin azahar.

Allah Ya jiƙan Anti, Ya sa ta huta. Ina jiran gyaranku a ƙasa.