Haraji Ya Sauka, Farashi Fa?

Duk mai cefane a Sabo ya san wannan: ranar da aka ƙara haraji, kafin la'asar farashi ya tashi. Ranar da aka rage kuwa, shiru kake ji. Ka yi magana a ce maka ai tsohon kaya ne. To, ranar ƙarin ma ba tsohon kayan ne a shago ba?

A Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5, ba wanda ya jira. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na kwana 150. Na yi ta zuba ido, sauƙin ya daɗe bai iso mudun gidana ba.

Shi ya sa dokar Indiya ta burge ni. Da suka kawo harajin GST a Yulin 2017, sashe na 171 na dokar ya wajabta wa ɗan kasuwa ya rage farashi daidai da ragin harajin da aka yi. Suka kafa hukumar da za ta bi sawu. Wanda aka kama ya danne ragin, sai ya mayar wa mai saye kuɗinsa. In ba a san masu sayen ba, ya zuba a asusun kula da masu saye. Manyan kamfanoni suka garzaya kotu, amma a Janairun 2024 Babbar Kotun Delhi ta ce dokar tana nan daram.

Hujjar mai sauƙi ce. VAT ba kuɗin ɗan kasuwa ba ne, karɓa yake daga hannun mai saye ya miƙa wa gwamnati. In gwamnati ta yafe, mai saye ta yafe wa.

Na san yawancinmu a unguwar nan 'yan kasuwa ne. Na san kuɗin mota daga Dawanau zuwa Bodija, ga man dizal, ga shingayen hanya. Wannan a lissafa shi a fili, ba laifi. Amma ragin haraji amana ce, ba riba ba.

Ba sai mun jira doka ba, jama'a. Shugabannin kasuwa su zauna da Sarkin Hausawa, a yi matsaya: in haraji ya sauka, mudu ma ya sauka. Mai sayar da hatsi da safe, shi ne mai sayen sabulu da yamma.