Daga Kademi Zuwa Masallacin Murtala

 Wannan mako hanya za mu kama. In kin tashi daga Kademi sai ki biyo ta Gaya, garin nan da masu tarihi ke cewa daga cikinsa maƙeran farko suka je suka zauna a gindin Dala. Daga Gaya sai Wudil, a haye gada, a miƙe sai Kano. Ki ce a kai ki unguwar Hausawa, Masallacin Murtala. A nan kabarin Janar Murtala Muhammed yake.

'Yan makaranta, ku riƙe wannan. An haife shi a Kano cikin 1938. Ya zama shugaban ƙasa a watan Yuli 1975, bai ko cika wata bakwai ba, ran Jumma'a 13 ga Fabrairu 1976 waɗansu sojoji suka harbe shi cikin motarsa a Ikko, yana da shekara 37. Aka kawo gawarsa gida cikin jirgin sama. Kanawa suka yi dafifi, aka yi masa salla, aka kai shi makwancinsa.

Soja suna da tasu al'adar. Sukan lulluɓe gawa da tutar ƙasa, su busa bigila, su harba bindiga sama. Abin da ban sha'awa, amma fa duk a wuni guda ake gamawa. Mu kuwa mata ba mu bin gawa. Muna cikin gida kan tabarma, muna karɓar gaisuwa, sai dai maza su dawo su ba mu labari.

Shi ya sa a wurin nan matarsa Ajoke nake tunawa. An sa sunansa a filin jirgin Ikko da babban asibitin birni, an buga hotonsa a takardar naira 20. Ita aka bar ta da takabar wata huɗu da kwana goma, da 'ya'ya shida. Wannan fa matar shugaban ƙasa ke nan. To, ina ga matar kurtu a ƙauye irin namu, wadda aka aiko mata da hula da takalmi? Ran sadakar uku gida ba masaka tsinke. Ran bakwai an ragu. Bayan arba'in kuwa, in kin leƙa, sai ki tarar da ita kaɗai a bakin turmi, goyo a baya, tana surfen geron da maƙwabciya ta ɗebo mata.