Tsohuwar Motar Mai Gida: Bel Da Jakar Iska

Yau zancen mota na kawo muku, kada kuwa ku ce wannan sha'anin maza ne. Mai gida ke riƙe da sitiyari, amma mu da 'ya'yanmu muke ciki.

Yawancin motocin da ke ƙofofin gidajenmu a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni tsofaffi ne, irin waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, watau sun ci ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka kana suka iso mana. Kukan da nakan ji daga masu su kusan iri ɗaya ne. Wannan ta ce bel ɗinta ya maƙale, ba ya jawuwa. Waccan ta ce maɗaurin nata ya lalace, sai ta rataya shi a kafaɗa don idon ma'aikata. Wata maƙwabciyata kuwa, fitilar jakar iska ce ta ƙi mutuwa a motarsu, aka kai wa makaniki, ya cire ƙwan fitilar ya karɓi kuɗinsa. Ashe in mai zazzaɓi ya fasa ma'aunin zafi ya warke ke nan?

Ku lura da wannan fitila. In an tashi mota takan kama, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta mutu. Idan ta zauna a kunne, ko ba ta kama ba sam, lalle akwai matsala. Wasu motocin ma sun yi karo tun a can, jakar ta riga ta fashe, aka liƙe murfin aka sayar. Araha ba ta ado.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Wani kamfani na Japan mai suna Takata ya yi shekaru yana sa wa jakunkunansa wani sinadari da zafi da laima ke ɓatawa. In mota ta tsufa aka yi karo, sai tukunyar da ke hura jakar ta tarwatse, ta watsa wa mutum gutsattsarin ƙarfe a fuska da wuya. An yi asarar rayuka. A Amurka kaɗai jaka wajen miliyan 67 aka nemi a mayar a canja, cikin motocin Honda da Toyota da Nissan da wasunsu, har kamfanin ya karye a 2017. To, takardar kiran mai motar na can ake aika wa. Motar da ta ƙetaro teku ta zo Kano, wa zai aiko mata?

Saboda haka, uwargida, ki lallaba mai gida ya kwafi lambar jikin motar, mai haruffa da alƙaluma 17, tana nan ƙasan gilashin gaba wajen direba, a bincika a shafin kamfanin a intanet ko tana cikin waɗanda aka kira. Bel kuwa ke ma kina iya gwada shi: fizge shi da ƙarfi, in ya cije lafiya lau, in ya biyo ki a canja shi.

Abin da ya fi damuna shi ne goyo a kujerar gaba. Kullum safiya a hanyata ta zuwa makaranta nakan ga mace a titin Zariya rungume da jariri a cinya. Jakar iska takan fito kafin ƙiftawar ido, an kuwa yi ta ne don ƙirjin babba wanda ya ɗaura bel. Hannun uwa, kome ƙaunarta, ba ya iya riƙe yaro sa'ad da mota ta tsaya farat ɗaya. Wadda ta taɓa zuwa dubiya Asibitin Malam Aminu Kano ta ga waɗanda hatsari ya kwantar, ba sai an faɗa mata ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta ɗaura bel tun 2003, tana kuma horon a zaunar da yara 'yan ƙasa da shekara 12 a baya. Mai juna biyu ma ta ɗaura, sai dai igiyar ƙasa ta bi ƙarƙashin ciki.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne. Amma wanda ya faɗi haka da rana, shi ke kulle ƙofar gidansa da dare. Kuɗin ankon biki ɗaya ya isa a kai mota wurin wanda ya san aikinta. Allah ya kiyashe mu da zuriyarmu, amin. Sai mako mai zuwa.