Bido Guda da Ɗoriya

Ranar da mushenmu na kimiyyar halittu ya rubuta a allo cewa kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin babban mutum ruwa ne, dariya muka yi. Wani daga bayan aji ya ce, "Mushe, to mi ya hana mu zuba in an soke mu?" Ya ce kashi biyu cikin ukku na ruwan yana kulle cikin ƙwayoyin jiki, jinin kansa bai wuce lita biyar ba. Mace kuma nata ya ɗan yi ƙasa, wajen kashi 50 zuwa 55, don kitse ba ya riƙe ruwa kamar tsoka. Jariri sabon haihuwa kuwa har 75.

Na auna kaina a sikelin mai saida gero: kilo 52. Na buga lissafi, ya ba ni wajen lita 28. Wato bidon nan mai lita 25 da nike ɗaukowa daga famfo ina nishi, ashe kullum da wanda ya fi shi nike yawo. Na rufe kaye na manta.

Sai watan Afirilu, zafi na tsakiya, gudawa ta kama autanmu, ɗan shekara guda. Kaka ta hana a ba shi ruwa, wai shi ke ƙara gudun cikin. Kwana biyu, idanunsa suka faɗa, yana kuka ba hawaye.

A likita aka ɗora shi kan sikeli. Katinsa na awo ya nuna kilo 9 a watan jiya, yanzu 8,3. Nan take lissafin mushe ya dawo mini. Yaro ba ya zubar da nama cikin kwana biyu. Giram 700 ɗin nan ruwa ne, cikin abin da bai kai lita shida ba.

Da muka koma gida da ƙunshin garin gishiri da sukari, na auna ruwa daidai abin da ya rasa, na aje gaban Kaka cikin kwano.

"Kaka, ki duba. Wanga duk daga jikinsa ya fita."

Ta daɗe tana kallon kwanon. Ba ta ce na yi gaskiya ba, ba ta taɓa cewa kowa haka ba. Ta dai miƙa hannu ta ce, "Ba ni cokalin, ke hannunki rawa yake."