Gwiwa da Ƙasa

A filin kokowa na Tawa, garin da aka buɗe gasar takobin ƙasa ta farko a 1975, ɗan kallo mai ido ƙafa yake duba kafin hannu. Ɗan kokowa yakan ware ƙafafu, ya saki gwiwa, ya sunkuyo, ya ba abokin karawa ƙirji gaba da gaba. Ɗan dambe kuwa a kaikaice yake tsayuwa, hannun garkuwa a gaba, wanda aka naɗe da kara yana jira a baya.

A kan tsayuwar nan biyu masu koyar da harbin ƙaramar bindiga suka daɗe suna jayayya, ba tare da sun taɓa jin kiɗan kokowa ba. A ƙarshen shekarun 1950 wani ɗan sandan Kaliforniya, Jack Weaver, ya yi suna da tsayuwar kaikaice, ƙafa ɗaya a baya, tamkar ɗan dambe. Daga baya ta gaba da gaba ta rinjaya, musamman ga mai sa rigar sulke, domin kariyarta a ƙirji take, gefen haƙarƙari a buɗe. Bindiga in ta tashi takan ture mai ita baya; gwiwar da aka saki ita ke shanye turin, kamar dai a fili.

Maganar ba ta nishaɗi kawai ba ce a wannan jiha. A watan Maris na 2021 mahara sun kashe mutum 137 a ƙauyukan Tilliya, arewa da Adar. Saurayin Adar da ya bar fili ya shiga soja, irin wannan ƙasa ake tura shi tsaro.

Ya zo da rabin darasin a jikinsa, sauran rabin ne mai wuya. Tun yana yaro aka koya masa cewa ƙasa abin kunya ce: wanda ya taɓa ta ya faɗi, makaɗa su juya masa baya, ƴan garinsu su koma gida shiru. Yanzu ga mai horo yana ce masa in wuta ta buɗe ya durƙusa, ko ya kwanta rub da ciki bayan tudu, tun bai ga daga inda take fitowa ba. Kunne yakan ji umarnin nan take. Gwiwar da ta shekara goma tana ƙin ƙasa ita ke jinkiri, kuma ita mai horo ke sa wa ido, yana maimaita umarnin a kan tsakuwar Adar har ta sauka ba shawara.